Sulhun Burodi na 1918: yadda Jamus ta amince da Yukren saboda hatsi, hatsin kuma bai iso ba

Cikin daren 9 ga Fabrairu 1918, a barikin soja na Brest-Litovsk, a ƙasar Belarus ta yau, aka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu ta farko a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙasashe huɗu ne a gefe guda: Jamus, Ostiriya-Hangari, Bulgeriya da Daular Usmaniyya. A ɗaya gefen kuwa Jamhuriyar Jama'ar Yukren ce, wadda ba ta cika mako uku da shelar 'yancin kanta ba. A daidai lokacin da alƙalami ke kan takarda, dakarun Bolshebik, 'yan kwaminisancin da suka ƙwace mulki a Rasha, ƙarƙashin Mikhail Muravyov sun riga sun shiga Kyiv, ministocin Yukren kuma sun fice zuwa Zhytomyr. Wato gwamnatin da ta yi alkawarin ciyar da Berlin da Viyana ba ta ma riƙe da babban birninta.

Mutanen Viyana suka raɗa wa yarjejeniyar suna Sulhun Burodi. Daga nan dangantakar diflomasiyya tsakanin Jamus da Yukren ta faro, kuma cikin wata goma ta rushe. Dalilin rushewar ba ɓoyayye ba ne. Jamus na son abu biyu da ba sa zama a tukunya ɗaya: ƙawa mai cin gashin kanta wadda za ta raba Rasha da ƙarfinta, da kuma rumbu wanda za a buɗe duk lokacin da aka ga dama. Duk sa'ad da buƙatun biyu suka yi karo, rumbun ake zaɓa.

Yunwa ce ta kai su teburin shawara

Tun 1914 jiragen ruwan yaƙin Birtaniya suka toshe wa Jamus hanyoyin shigo da abinci da taki ta teku. A hunturun 1916 zuwa 1917 dankalin Turawa ya lalace, mutanen birane suka koma cin abin da a da dabbobi ake ba. Halin Ostiriya ya fi muni, domin Hangari, wadda ita ce ke noma, ta riƙe hatsinta. A tsakiyar Janairu 1918 aka rage rabon garin da ake ba kowane mutum, sai yajin aiki ya ɓarke daga Wiener Neustadt ya bazu zuwa Viyana da sauran garuruwan masana'antu. Ƙarshen watan ma'aikatan Berlin su ma suka ajiye aiki. Ministan harkokin wajen Ostiriya-Hangari, Ottokar Czernin, yana zaune a Brest-Litovsk saƙonni na ta zuwa masa daga gida cewa a samo hatsi ko ta halin ƙaƙa.

Ita kuma majalisar da ke mulkin Yukren, wadda ake kira Rada, an kafa ta ne a Kyiv a Maris 1917 ƙarƙashin masanin tarihi Mykhailo Hrushevsky. A 20 ga Nuwamba 1917 ta yi shelar jamhuriya, amma a cikin tarayyar Rasha. Da Bolshebik suka kafa tasu gwamnatin Yukren a Kharkiv suka doso Kyiv, sai Rada ta fahimci cewa ba wanda zai ƙulla yarjejeniya da lardi. Shi ya sa ta fitar da shelar cikakken 'yanci mai ɗauke da ranar 22 ga Janairu 1918. Soja kuwa babu. A tashar jirgin ƙasa ta Kruty, ranar 29 ga Janairu, 'yan ɗaruruwan ɗalibai da kuratan makarantar soja ne suka tari rundunar da ke tafe.

Wakilan da Rada ta tura samari ne. Vsevolod Holubovych ne ya fara jagorantarsu, da ya koma gida ya zama firaminista sai Oleksandr Sevriuk, wanda bai kai shekara talatin ba, ya karɓi ragama, tare da Mykola Liubynsky da Mykola Levytsky. Ba su da runduna a bayansu, amma sun san abin da ke faruwa a titunan Viyana, kuma sun yi ciniki da shi yadda ya kamata. Suka nemi yankin Kholm, wanda a yau yake gabashin Foland, suka nemi gabashin Galisiya da Bukovina, waɗanda ke cikin daular Ostiriya kanta. Czernin ya ji zafin a ce yara ne ke gindaya masa sharaɗi a kan ƙasar sarkinsa, sai dai mai jin yunwa ba ya dogon ciniki.

Jamusawa na da nasu lissafin dabam. Richard von Kühlmann, sakataren harkokin waje, da Janar Max Hoffmann, babban hafsan rundunar gabas, sun gaji da Leon Trotsky, jagoran wakilan Rasha ta Bolshebik a Brest, wanda ke jan tattaunawar sulhu yana jiran juyin juya hali ya tashi a Jamus. Sulhu da Yukren ita kaɗai sanda ce ta matsa masa. Trotsky da kansa ya amince da wakilan Rada a farkon Janairu, daga baya ya yi nadama ya kawo wakilan gwamnatin Kharkiv, yana ba'a cewa iyakar ƙasar da Rada ke mulka ita ce ɗakin da aka sauki wakilanta a Brest. Maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Jamusawa sun san haka, suka sa hannu duk da haka.

Abin da aka rubuta da abin da aka ɓoye

Takardar da aka bayyana wa duniya ta ƙunshi abubuwan da aka saba gani: kawo ƙarshen yaƙi, musayar jakadu da ƙananan jakadu, musayar fursunonin yaƙi, da yafe wa juna diyyar yaƙi. An sanya yankin Kholm a ɓangaren Yukren. A fannin ciniki aka ce ɓangarorin za su yi musayar rarar kayan gona da na masana'antu har zuwa 31 ga Yuli 1918, ta hannun hukumomin gwamnati, a farashin da kwamitin haɗin gwiwa zai yanke.

Abubuwa biyu masu nauyi suna wasu takardun dabam. Na farko adadin hatsi: tan miliyan ɗaya, wato fud miliyan 60 a ma'aunin Rasha, fud ɗaya kuwa kilo 16.38 ne. A buhu mai kilo 100, buhu miliyan goma ke nan. Na biyu alkawarin sirri da Ostiriya ta yi cewa kafin ƙarshen Yuli za ta haɗe gabashin Galisiya da Bukovina su zama lardi guda na 'yan Yukren a cikin daularta. Viyana ta ɗaure wannan alkawari da zuwan hatsin.

Babu inda yarjejeniyar ta ambaci shigar soja. Wannan ya biyo baya ne da 'yan kwanaki, lokacin da wakilan Rada suka rubuta roƙon taimako. Sun so a ba su rundunonin da aka haɗa daga fursunonin yaƙi 'yan Yukren da ke sansanonin Jamus, da dakarun sa-kai 'yan Galisiya. Abin da suka samu shi ne sojan Jamus kansa.

Batun Kholm ya jawo wa Viyana fitina nan take. Mutanen Foland suna ganin yankin nasu ne, aka yi zanga-zanga a garuruwansu, kuma a tsakiyar Fabrairu Józef Haller ya tsallaka fagen daga da dakarun Foland da ke yaƙi a ɓangaren Ostiriya. Tun daga ranar Viyana ta fara neman hanyar zamewa.

Yaƙin layin dogo

Ranar 18 ga Fabrairu rundunonin Jamus suka motsa. Ba wani gumurzu aka yi ba. Ana ɗora ƙaramar runduna da bindigogi masu sarrafa kansu a jirgin ƙasa, a kama tasha, a bar masu gadi, a wuce ta gaba. Ostiriya ta yi jinkiri har ƙarshen Fabrairu, sannan ta shigo da gudu don kada Jamus ta cinye rumbun ita kaɗai. Farkon Maris aka shiga Kyiv, Rada ta dawo. Ranar 3 ga Maris Rasha ta Bolshebik ta sa hannu a nata sulhun, wanda ya tilasta mata amincewa da yarjejeniyar Yukren da janye dakarunta. Odesa ta faɗi tsakiyar Maris, Kharkiv a 8 ga Afrilu, Rostov a 8 ga Mayu. Ana ƙiyasta sojojin ƙasashen biyu da suka shiga sun kai kusan 450,000. Aka raba ƙasar: Ostiriya ta ɗauki Podoliya, Kherson da Katerynoslav, hedkwatarta a Odesa, Jamus ta riƙe Kyiv da sauran.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rada ta dawo kujerarta a kan bindigar baƙo, yanzu kuma lokacin biya ya zo. Mutum uku ne ke riƙe da ragamar Jamus a Kyiv: Fil Mashal Hermann von Eichhorn, kwamandan runduna, Janar Wilhelm Groener, babban hafsansa, ƙwararre kan sufurin jirgin ƙasa, wanda a zahiri shi ke yanke hukunci, da jakada Alfons Mumm von Schwarzenstein. Otto Wiedfeldt, darakta a kamfanin Krupp, shi ke jagorantar tawagar ciniki. Ranar 23 ga Afrilu aka kammala yarjejeniyar tattalin arziki wadda ta tabbatar da fud miliyan 60 na hatsi, ta ƙara da ƙwai miliyan 400, shanu, sukari da tama. Jamus da Ostiriya kuma za su kawo kwal, man fetur, injinan noma da kayan masarufi.

Inda lissafin ya karye

Masu tsara lamarin a Berlin sun dogara da alƙaluman kafin yaƙi. Kudancin daular Rasha na cikin manyan masu fitar da alkama da sha'ir a duniya, kuma tun da aka rufe mashigin Dardanelles a 1914 ba a fitar da komai ba. Sai suka ɗauka amfanin gona na shekara uku yana jibge a rumbuna yana jiran mai saye. Ashe sojojin Rasha da biranen arewa sun cinye mafi yawansa, noman kansa kuma ya ragu saboda an kwashe maza da dawakai zuwa fagen daga.

Wa'adin 31 ga Yuli shi ma yana da ma'anar da ba kowa ya lura da ita ba. A Yukren sai cikin Yuli ake fara girbin alkama. Don haka duk hatsin da aka yi alkawari tsohon hatsi ne, na girbin 1917. To a hannun wa yake? Kafin juyin juya hali, rarar da ake fitarwa waje daga manyan gandaye take fitowa, da gonakin manoma masu hali. A kaka da hunturun 1917 talakawan ƙauye suka mamaye gandayen, suka raba ƙasa, dabbobi, garmuna da abin da ke cikin rumbuna. Rada, wadda 'yan gurguzu ne suka fi yawa a cikinta, ta albarkaci hakan: ta soke mallakar manyan gonaki, ta miƙa rabon ga kwamitocin ƙauyuka. Hatsin da a da za a saya daga hannun masu gandu 'yan dubbai a rubuce, yanzu ya warwatsu a gidaje miliyoyi, kowane gida da 'yan buhunansa.

Akwai hatsin, amma sai mai shi ya yarda ya sayar. Ga abin da ya hana shi. Gwamnati ce kaɗai ke da ikon sayen hatsi, tsarin da aka gada daga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Rasha ta 1917, kuma farashinta a ƙayyade yake, ƙasa da na bayan fage nesa ba kusa ba. Kuɗin da za a biya shi da su takarda ce. Manomi na da tulin takardun kuɗi iri-iri, na zamanin sarki, na Kerensky, shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya, ga karbovanets na Rada, daga baya ga hryvnia, wadda a Berlin ma aka buga takardunta. Ba abin da zai saya da su. Abin da yake so shi ne lauje, garma, ƙusa, yadi, takalmi, gishiri, kananzir da ashana. Masana'antun Jamus kuwa harsashi suke ƙerawa, ɗan kayan da suka iso sun yi kaɗan kuma sun yi tsada. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san abin da manomi ke yi idan hukuma ta yanke farashin da bai yi masa ba: ya rufe rumbu ya ce babu. Manomin Yukren ya haƙa rami ya binne nasa, ya ba dabbobi wani, ya dafa barasa da wani, domin barasa ta fi hatsi kuɗi kuma ta fi sauƙin ɓoyewa.

A ce ma an samu hatsin, sai maganar ɗauka. Taragon kaya na Rasha fud 1,000 yake ci, kimanin tan 16. Fud miliyan 60 tarago 60,000 ke nan. Daga 23 ga Afrilu zuwa 31 ga Yuli kwana 99 ne, wato kusan tarago 600 a kullum. Idan kan jirgi ɗaya zai ja tarago 40, ana buƙatar jirage 15 cike da hatsi su tsallaka iyaka kowace rana, ba fashi, ban da na ƙwai da shanu da sukari. Kuma ba sa tsallakawa kai tsaye. Faɗin layin dogon Rasha milimita 1,524 ne, na tsakiyar Turai 1,435, saboda haka a tasoshin iyaka irin su Pidvolochysk sai an sauke kaya buhu-buhu an sake lodawa a wani tarago. An gina layukan Yukren ne don su kai hatsi kudu, zuwa tasoshin jiragen ruwa na Odesa, Mykolaiv da Kherson, ba yamma ba. Hanyar ruwa ta Bahar Aswad zuwa kogin Danube tana nan, amma jiragen ruwan sun yi ƙaranci.

Kawunan jirage da yawa sun lalace, wasu Bolshebik sun tafi da su lokacin janyewa. Waɗanda suka rage kwal suke ci, ma'adinan kwal na Donbas, a gabashin Yukren, kuwa sun durƙushe. Neman kwal ne ya ja sojojin Jamus gabas fiye da yadda aka tsara tun farko, kuma duk da haka sai da Jamus, wadda ita ma ke ƙarancinsa, ta riƙa turo nata kwal zuwa Yukren don jiragen su motsa.

Sai kuma bakin da ya zo karɓar hatsin, shi ma ci yake. A yi lissafi mafi sauƙi: mutum 450,000, kowa rabin kilo a rana, tan 225 ke nan kullum. Dokin soja ɗaya yana cin abin da ya ninka na mutum sau da yawa, rundunonin kuma da dawakai suke tafiya. Sojoji ɗaiɗaiku suna ta aika ƙunshin abinci gida ta gidan waya na soja, abin da ya taimaki iyalansu amma bai shiga lissafin gwamnati ba.

Umarnin shuka da faɗuwar Rada

Afrilu lokacin shukar bazara ne, Groener kuma ya hango cewa girbin 1918 ma na cikin haɗari. Manoma sun karɓi ƙasar da ta fi ƙarfinsu, ba iri isasshe, ba dawakai, kuma ba wanda ya tabbata amfanin zai zama nasa. Ranar 6 ga Afrilu Eichhorn ya fitar da umarni: amfanin gona na wanda ya shuka ne, za a biya shi kuɗi hannu, wanda ya riƙe ƙasar da ba zai iya nomawa ba za a hukunta shi, inda manoma suka kasa, mai gandu ya shuka, kada kwamitin ƙauye ya hana shi. Ta fuskar noma umarnin na da hujja. Ta fuskar siyasa kuwa kwamandan sojan baƙo ne ya yi doka a kan ƙasar noma, batun da ya fi kowane zafi a ƙasar, ba tare da ya tambayi gwamnatin da ya ce ya zo taimako ba. Rada ta yi Allah wadai, ta ce ba za a bi umarnin ba.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Ranar 24 ga Afrilu Groener ya gana da Pavlo Skoropadsky, tsohon janar na sojan Rasha kuma dogarin Sarki Nicholas na Biyu, babban mai gandaye, daga zuriyar da ta taɓa riƙe sarautar Hetman, wato shugabancin mayaƙan Kosak na Yukren, a ƙarni na 18. A Wiesbaden ta Jamus ma aka haife shi, a 1873. Aka shimfiɗa masa sharuɗɗa: ya amince da yarjejeniyar Brest, a rushe Rada, a ɗage zaɓen majalisar tsara mulki, a mayar da mallakar ƙasa, a rushe kwamitocin rabon gona, kada a kafa soja sai da yardar Jamus, kuma Yukren ta biya kuɗin taimakon sojan da aka yi mata.

A daidai wannan lokaci aka sace Abram Dobry, wani babban ma'aikacin banki a Kyiv da ke hulɗa da Jamusawa, kuma bincike ya nuna da hannun wasu ministocin Rada. Wauta ce da ta ba Eichhorn abin da yake nema. Ranar 25 ga Afrilu ya kafa kotunan sojan Jamus a kan farar hula. Aka ƙwace makaman rundunar Masu Shuɗin Riga, wadda Jamus da kanta ta haɗa daga fursunonin yaƙi. Ranar 28 sojojin Jamus suka kutsa zauren Rada ana tsakiyar zama, suka sa 'yan majalisa ɗaga hannu, suka kama wasu jami'ai. Washegari, 29 ga Afrilu, taron masu gonaki da aka yi a zauren wasanni na Kyiv ya naɗa Skoropadsky Hetman. A ranar ce kuma Rada ta zartar da tsarin mulkinta, wanda bai yi aiki ko na yini ɗaya ba. Holubovych, firaministan da ya fara jagorantar tawagar Brest, kotun sojan Jamus ce ta yanke masa ɗauri daga baya.

A Berlin ba kowa ya ji daɗi ba. Ɗan majalisa Matthias Erzberger da 'yan jam'iyyar ma'aikata ta SPD sun soki abin a majalisar dokoki, suna cewa soja ya kifar da gwamnatin da Jamus ta amince da ita wata uku da suka wuce. Sukar ba ta canza komai ba, domin a lokacin maganar Janar Erich Ludendorff, mai juya akalar rundunar Jamus, ce ke tafiya a gabas.

Gwamnatin da ke iya karɓa, ƙauyen da ya ƙi bayarwa

A yi wa mulkin Hetman adalci: ya fi Rada iya gudanar da ofis. Ya dawo da ƙwararrun ma'aikata, Fedir Lyzohub ya zama firaminista, Dmytro Doroshenko ministan harkokin waje. An tura Fedir Shteingel jakada Berlin, Viacheslav Lypynsky Viyana. An tsagaita wuta da Rasha a 12 ga Yuni. An buɗe jami'o'in Yukren a Kyiv da Kamianets-Podilskyi, an kafa Cibiyar Kimiyya ta Yukren a Nuwamba ƙarƙashin Volodymyr Vernadsky, kuma tana nan har yau. A Satumba Skoropadsky ya ziyarci Jamus, Sarki Wilhelm na Biyu ya karɓe shi a matsayin shugaban ƙasa.

A ƙauye labarin dabam ne. Masu gandaye suka dawo da rakiyar soja da 'yan sandan Hetman, suna neman ƙasarsu, dabbobinsu, da diyyar abin da aka lalata. Aka riƙa ɗora wa ƙauye tara a dunƙule, ana bulala, ana kwashe hatsi da ƙarfi. An manta cewa waɗannan manoma su ne sojojin da suka baro fagen daga a 1917, kowa da bindigarsa, wasu ƙauyukan har da manyan bindigogi. A Yuni tawaye ya tashi a Zvenyhorodka da Tarashcha, kudu da Kyiv, dubban manoma suka yi ta fafatawa da rundunonin Jamus har tsawon makonni. A tsakiyar Yuli ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki, daidai lokacin da ya kamata a ce lodi ya fi yawa. A kudu maso gabas madugun 'yan tawaye Nestor Makhno ya fara tara mutanensa a Huliaipole. Duk tawayen da ya tashi yana buƙatar ƙarin soja, ƙarin soja kuma ƙarin ci ne daga hatsin da aka zo nema.

Ranar 30 ga Yuli wani ɗan juyin juya hali daga Rasha, Boris Donskoy, ya jefa wa Eichhorn bam a titin Kyiv ya kashe shi. Washegari wa'adin hatsin ya cika. Ko da aka haɗa duk abin da aka fitar har ƙarshen mamayar, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na tan miliyan ɗayan ba. An fi samun nasara a dawakai, shanu, ƙwai da sukari, kuma ɗan hatsin da ya isa Viyana, wadda aka ba fifiko a watannin farko, ya rage mata raɗaɗi. Amma rabon burodi a Jamus bai ƙaru ba, a bazarar 1918 rage shi ma aka yi. Akwai masu cewa da an kai waɗannan rundunoni yamma, farmakin da Ludendorff ya fara a Faransa ranar 21 ga Maris da ya yi nasara. Wannan zance na da rauni, domin akasarin sojojin da aka bari a gabas dattawa ne na rundunar ajiya, an riga an tsame matasa da kayan yaƙi masu kyau.

Alkawuran siyasa ma haka suka bi ruwa. Ostiriya ta kafa hujja da rashin zuwan hatsi ta soke takardar sirrin Galisiya, aka ƙone kwafinta a Berlin cikin Yuli, kuma har daular ta rushe ba ta tabbatar da yarjejeniyar Brest ba, alhali Jamus, Bulgeriya da Daular Usmaniyya sun tabbatar. Kholm bai taɓa shiga hannun Kyiv a aikace ba. A Kirimiya, dakarun Yukren ƙarƙashin Petro Bolbochan sun riga Jamusawa shiga a Afrilu, aka umarce su su fita. Jamus ta ɗora Janar Suleiman Sulkevich, Musulmi daga Tatar na Lituwaniya, a kan wata gwamnati dabam, har Kyiv ta rufe wa yankin hanyar ciniki don ta matsa masa. Ƙawar da ta amince da 'yancin Yukren ita ce ta hana ta soja, ta hana ta Kirimiya.

Rashin sojan nan shi ya kashe mulkin Hetman. An sake ƙulla wata yarjejeniyar ciniki a 10 ga Satumba don sabon girbi, amma lokaci ya ƙure. Ranar 11 ga Nuwamba Jamus ta sa hannu a tsagaita wuta a yamma, sharuɗɗan kuma suka soke yarjejeniyoyin Brest-Litovsk. Skoropadsky ya nemi sabuwar inuwa: a 14 ga Nuwamba ya yi shelar tarayya da Rasha wadda ba ta Bolshebik ba, da fatan Faransa da Birtaniya za su karɓe shi. Shelar ta zama ashana a kan busasshiyar ciyawa. Tsofaffin jagororin Rada, Volodymyr Vynnychenko da Symon Petliura, suka kafa majalisar jagoranci suka tayar da tawaye daga Bila Tserkva. Sojojin Jamus sun riga sun kafa majalisunsu na 'yan bariki, burinsu kawai jirgin da zai kai su gida, sai suka ce ba ruwansu. Ranar 14 ga Disamba Skoropadsky ya yi murabus, aka fitar da shi cikin shigar hafsan Jamus mai rauni. Rukunin ƙarshe na sojojin Jamus ya bar Mykolaiv ta ruwa a Maris 1919.

Skoropadsky ya zauna a Wannsee, gefen Berlin, da tallafin tsofaffin abokansa irin su Groener, kuma da hannunsu aka kafa Cibiyar Nazarin Yukren a Berlin a 1926. Ya rasu a Afrilu 1945 bayan harin bam a Bavariya. Gwamnatin Jamus kuwa ta riga ta juya ga Mosko: ta ƙulla yarjejeniyar Rapallo da Rasha ta Sobiyet a 1922, aka faɗaɗa ta zuwa Yukren ta Sobiyet a Nuwamban shekarar. Da sojojin Hitler suka shigo a 1941 da yunwar hatsin nan dai, ba su tsaya neman gwamnatin da za su yi ciniki da ita ba. Waɗanda suka yi shelar ƙasar Yukren a Lviv ranar 30 ga Yuni 1941 kama su aka yi, aka damƙa akasarin ƙasar ga jami'in Nazi Erich Koch, aka tsara kwashe abinci ko da mutanen birane za su mutu da yunwa. Jamus ba ta sake amincewa da Yukren mai 'yanci ba sai 26 ga Disamba 1991, aka kuma ƙulla hulɗar jakadanci ranar 17 ga Janairu 1992.